Kawu Mai Guduma da Ƙararrawar da Ya Sayar Sau Biyu

Da safiyar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina tsaye a bakin ofis ina faɗa da mai gyaran famfo, aka kira ni a waya aka ce Kawu Mai Guduma ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bai yi jinya ba. Ya dawo daga sallar asuba, ya ce wa Inna, matarsa, ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya kishingiɗa, kafin ta kawo ruwa rai ya yi halinsa. Kwana goma kenan cif da tsayuwarsa gaban mutum ɗari biyu yana juya su yadda ya ga dama.

Kawu, na zauna in rubuta maka ta'aziyya cikin natsuwa, irin wadda ta dace da shugabar makaranta, amma abin ya gagara. Duk lokacin da na tuno ranar Asabar ɗin nan sai in ji zuciyata tana tsalle, in yi dariya hawaye na zuba. Ka yafe mini. Kai ma ba ka taɓa yarda a yi zaman makoki fuska a murtuke ba.

Ga wanda bai san shi ba, ƙanin mahaifiyata ne. Shekara arba'in yana sana'ar gwanjo: kujeru, firij, kekunan ɗinki, kayan ofisoshin da suka tashi. Bai taɓa zama a aji ba, amma ban ga mai karanta fuskar mutum kamarsa ba. In bazawara ta kawo masa keken ɗinkin da za ta sayar don ta ciyar da marayu, sai ya kwana biyu yana goge shi, yana sa masa mai, ya sayar da daraja, ya ƙi karɓar la'ada, har ya hau ta da faɗa in ta matsa. Kuma yana da wata al'ada da abokan sana'arsa suke masa dariya a kai. Ba ya buga guduma ta ƙarshe sai ya sauko daga kan dandamali, ya je gaban wanda aka kayar a tayi, ya dube shi ido cikin ido ya tambaye shi ko ya haƙura. Ya ce shi ba zai sayar da kaya ba alhali wani yana da sauran magana a ciki.

Shekara shida kenan kana ja mana gwanjon liyafar gidauniyar makarantarmu, Kawu, ko kuɗin mota ba ka taɓa karɓa ba. Sharaɗinka biyu ne kawai: a ajiye maka gorar ruwa, a kuma ɗauke maka makirfo daga gabanka, wai yana rage maka murya.

Bana abin ya sha bamban da na sauran shekaru, domin ajin kurame ne a kan layi. Yara goma sha ɗaya, malama ɗaya tal mai koyar da su da maganar hannu. Ƙungiyar da take biyan albashinta ta gama wa'adinta ta tafi, kwamitin gidauniya kuma ya faɗa mini ƙarara: in liyafar nan ba ta tara albashin shekara biyu ba, dubu ɗari tara, to ƙarshen zango za a rufe ajin. Babu wata makaranta kusa da za ta karɓe su. Gida za su koma, su zauna a tsakar gida suna kallon bakin mutane. Wata uku na yi abinci ba ya mini daɗi.

Ranar ta zo. Zauren otal ya cika tun bayan la'asar, tebura ashirin da fararen ƙyallaye, ƙamshin turare kamar a kama da hannu. Muka zaunar da yaran ajin a teburin gaba ta gefen hagu, Malama tana tsaye kusa da su cikin koren mayafi. Ita tana ji sarai, iyayenta ne kurame, don haka duk abin da aka faɗa a zauren tana mayar musu da hannu. Ba ka taɓa ganin ta ba, Kawu, kuma laifina ne, don ban gabatar maka da ita ba. Ga fitilu a fuskarka, ga idanun da ka ƙi yarda a yi musu tabarau.

Kai, amma ka yi aiki ran nan! Ka sayar da darduma, ka sayar da agogon bango, ka sayar da kwandon zuma ga mutumin da likita ya hana shan zaƙi. Ka sa wani lauya ya sayi keken yara alhali autarsa tana jami'a. Zaure sai dariya yake. Duk da haka, da aka zo kaya na ƙarshe, rabin abin da muke nema kawai muka samu. Na leƙa takardar ma'aji na gani da idona.

Kaya na ƙarshen kuwa tsohuwar ƙararrawar makaranta ce, ta tagulla, wadda muka sauke da aka sa ta lantarki. Kowa ya san wanda ya zo dominta: Alhaji Mai Siminti, tsohon ɗalibinmu, wanda shi ne mai kaɗa ta a zamaninsu. Ya taya dubu ɗari. Wani attajiri, Mai Magani, ya ƙara ashirin, Mai Siminti ya kai ɗari da hamsin, Mai Magani ya naɗe hannu. A nan ya kamata a tsaya. Sai na ji ka ɗaga murya ka ce, “Hajiya mai koren mayafi ta ce ɗari biyu!”

Na waiga. Malama ce. Hannunta na sama tana nuna wa yara lambar da aka faɗa, kai kuma a wurinka duk hannun da ya tashi tayi ne. Abin da ya fi ba ni dariya yanzu, ita ma ta fassara musu maganarka tsaf, cewa wata Hajiya mai koren mayafi ta ƙara kuɗi, har yaran suna waige-waige suna neman Hajiyar. Mai Siminti ya harzuƙa ya ce ɗari biyu da hamsin. Malama ta ɗaga hannu ta faɗa wa yara, ka ce Hajiya ta ce ɗari uku. Zaure ya ɗauki sowa. Haka aka yi ta yi, kana juyi, kana nuni da guduma, kana zuga shi wai ashe za a ƙwace masa ƙararrawarsa a gaban iyalinsa, har ya miƙe tsaye, hula ta karkace, ya daka tsawa ya ce ɗari biyar.

A nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tun tayi na biyu na gane abin da yake faruwa, na yi gum. Ɗari biyar ta cika mana lissafi har da ɗori. Daidai lokacin Malama ta sauke hannu don ta gyara mayafi, ka buga guduma ɗaya, ka buga ta biyu. Ina ta addu'a a zuci Allah Ya sa yau ɗaya ka manta da al'adarka.

Ina! Ka sauko. Ka taka har gabanta, ka ce, “Hajiya, kin haƙura?” Ta dube ka a ruɗe, ta ce, “Baba, da me?” Ka dubi hannunta, ka dubi yaran, ka sake duban hannunta. Na ga lokacin da abin ya faɗo maka. Ban san sadda na iso gefenka ba, na kama hannun rigarka na ce a hankali, “Kawu, don girman Allah ka je ka buga. Shi fa ya faɗa da bakinsa, kuma yana da kuɗin.” Ka zare hannunka, ka ce, “'Yar nan, da wa ya yi takara?” Wallahi a lokacin na ji haushinka kamar in fashe, na ce a raina tsohon nan zai rufe mini aji saboda taurin kai.

Ka koma kan dandamali ka ajiye guduma. Ka gaya wa jama'a cewa shekara arba'in ba ka taɓa sayar da kaya a kan tayin da babu shi ba, kuma ba za ka fara da makaranta ba. Ka ce baiwar Allah nan malama ce, aikinta take yi, kai ne idonka ya yaudare ka. Tayin gaskiya ɗari da hamsin ne, kuma Alhaji yana da ikon ya ɗauka a haka. Ciyaman na kwamiti ya dafe kai. Malama ta rufe fuska da mayafi don kunya.

Sai ka yi abin da har gobe ban san daga ina ya zo maka ba. Ka ce tunda hannun Malama ne ya fi bakin kowa tsada a zauren nan, in Alhaji ya yarda, a sake gwanjon daga farko, amma da sharaɗi: ba mai buɗe baki. Duk mai tayi ya yi da maganar hannu, kuma ba za ka karɓa ba sai Malama ta ce alamar ta yi daidai. Mai Siminti ya tsaya yana kallon ka, can sai ya fashe da dariya, ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa matarsa, ya ce a koya masa.

Jama'a, ban taɓa ganin irin wannan ba! Malama ta hau dandamali, ta koya wa mutum ɗari biyu ƙirga da yatsu. Manyan mutane masu direbobi suna ta murɗa hannu, suna kuskure, yaranmu na gefe suna girgiza kai suna gyara musu. Mai Magani, wanda ya janye ɗazu, ya dawo da ƙarfinsa don ya ga ya fi abokin hamayyarsa iya alamar. Teburin iyaye mata na yaran ajin, waɗanda ba su taɓa yin ƙarfin halin ɗaga murya a gaban masu kuɗi ba, suka haɗa kai suka shiga, don su wannan yaren a gida suke yin sa kullum. Sau uku Malama tana ƙin karɓar tayin Mai Siminti saboda babban yatsansa ya ƙi lanƙwasuwa, yana gumi yana roƙon ta da ido. Kai kuma kana tsakiya, mutumin da ake jin muryarsa daga bakin titi, ka kama bakinka, kana gwanjo da gira da kafaɗa da guduma. Ɗari biyu. Ɗari uku da hamsin. Ɗari biyar ta zo ta wuce ban ma lura ba, don ina tsaye a kan kujera, ni shugabar makaranta guda, takalmi a hannu. A ɗari shida da ashirin Mai Magani ya sauke hannu. Ka sauko, ka je gabansa, ka tambaye shi da ido, ya gyaɗa kai yana dariya. Ka koma ka buga ta uku, ana kiran magariba.

Da aka watse na same ka a bakin ƙofa kana shan ruwanka. Na durƙusa zan ba ka haƙuri, ka ce in tashi kar in ɓata zanena, ka ƙara da cewa in saya maka tabaran nan da nake ta magana. Na saya, Kawu. Yana cikin jakata, ban samu na kawo maka ba.

Ran Litinin Malama ta sa hannu a takardar shekara biyu. Jiya kuma, bayan an yi addu'ar bakwai, wani mutum ya zo ofishina riƙe da yara biyu, wa da ƙanwa. Ya ce yana cikin masu raba abinci a otal ɗin ran nan. Yaransa ne, dukansu ba sa ji, kuma shekara bakwai yana ɓoye su a gida don kunyar mutane. Ya ce da ya ga masu kuɗin gari suna gumi suna koyon yaren 'ya'yansa, sai ya shiga bayan ɗakin girki ya yi kuka. Ya tambaye ni ko akwai sauran wuri. Na ce akwai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta yi shekara arba'in da uku tana jure wannan murya a cikin gida, da 'ya'yansa shida da jikoki, da mahaifiyata da ta rasa ƙaninta, da abokan sana'arsa na layin 'yan gwanjo waɗanda suka rufe rumfuna ranar jana'iza. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa baki ɗaya.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu. Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabari, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ajin yana nan a buɗe, yara goma sha uku ne yanzu. Duk harafin da za su koya, Allah Ya kai maka ladansa inda kake kwance. Amin.