Manaja Mai Aski

A layinsu kowa Manaja yake ce masa, alhali aski yake yi. Sunan ya bi shi tun da ya ƙudurta sai ya ci jarrabawar ɗaukar ma'aikatan banki.

Darussan ya raba wa masu zuwa shagonsa. In malamin makaranta ya hau kujera, lissafi za a sha har a gama gyaran fuska. Direban tasi shi ne na labaran duniya, don rediyonsa ba ya hutawa. Turanci kuwa sai tela, wanda ya taɓa zama a ƙetare. Duk wanda ya jefo tambayar da ta gagari Manaja, ranar ƙwal-kwabo zai koma gida da shi, ko bai nema ba.

Kwamfuta ce kaɗai ba ta samu malami ba. Ita a littafi ya haddace ta.

Ranar jarrabawa aka zaunar da shi gaban kwamfuta. Amsoshin suna cikin kansa, amma ya ɗaga maus, wato linzamin kwamfutar, sama yana shafa iska kamar injin aski, kibiyar da ke kan allon ta ƙi motsi. Kafin mai sa ido ta nuna masa cewa a kan tebur ake ja, lokaci ya yi nisa.

Ya dawo ya tarar da malamansa jere a benci. Matarsa ta leƙo ta ce, "Maigida, yaya?"

Ya kaɗe tawul ya dube su. "Ku duk kun ci, ni kaɗai na faɗi. Wa ke layi?"