Wendell Ya Tafi da Alkawarin Filin Ƙwallo

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Wendell Sauer, tsohon kansilan garinmu Marlow Falls, yana da shekara tamanin da uku. Ina wanke kwanuka matarsa Eulalia ta bugo waya. Na zauna a ƙasa, ban tuna da famfo ba sai da ruwa ya taɓa ƙafata.

Wendell, ni ce Odessa, wadda ta riƙa ɗaure maka igiyar takalmi a ƙafar benci muna aji huɗu. Ka san karatuna bai yi nisa ba, sai ka yi haƙuri da rubutun.

Shekarar da masana'antar takarda ta rufe, garin nan ya koma gidan makoki. Samari suka watse, shaguna suka sha kwaɗo. Kai ne ka hau bas, tafiyar awa goma sha huɗu, har sau biyar, kana roƙon tsoho Brannigan ya kawo ƙungiyarsa ta besbol, wasan ƙwallo da sanda, garin nan. A zuwa na biyar ya gaji da kai, ya ce, "Kai mutum ne ko ƙarangiya? Na ji. Muddin kana numfashi, 'yan wasana ba sa barin garinku." Kuka yi musabaha. Lauyan gari ya ce a rubuta, ka ce neman takarda bayan dattijo ya ba da hannu cin mutunci ne. Muka tafa maka, har da ni.

Daga ranar ka zama ƙwan da gari ke tattali. Mai gasa nama a ƙofar fili ya daina sayar maka. "Kansila, sai dai latas," in ji shi. Idan ka yi tari a coci, kowa ya waiwayo, har fasto. Ni kaɗai ce maciyar amana. Kowace Asabar kana zagayowa ta ƙofar bayan gidana.

"Odessa, cinyar kaza ɗaya tak."

"Ci biyu, tsoho. In ka mutu na ce girkin Eulalia ne."

A lokacin mun yi dariya. Yanzu idan na tuna, gabana ne ke faɗuwa.

Shekara talatin da ɗaya kana jefa ƙwallon farko ranar buɗe kakar wasa, ko sau ɗaya bai isa hannun mai cafewa ba, mu kuwa mu tashi tsaye kamar ka ci kofi. Wanda ya rasa aiki ka shigar da shi da 'ya'yansa kallon wasa kyauta ba tare da kowa ya lura ba. Da mijina ya rasu, kai ka nema wa surukina Curtis aikin kula da ciyawar filin, don 'yata da jikokina uku su zauna kusa da ni.

Abin da ke tsorata ni ke nan, Wendell. Tsoho Brannigan ya daɗe a ƙasa. Ɗansa ya riƙe maganar ubansa, ba zan zalunce shi ba, amma maganar a jikinka aka ɗaura ta. Ya zo jana'iza, ya gaishe mu da ladabi, bai haɗa ido da kowa ba. Wani birni can kudu ya gina sabon fili tun bara waccan. Idan ƙungiya ta tashi, Curtis zai bi ciyawarsa. Shekarata tamanin da biyu, gidana ɗaki huɗu ne, ni ɗaya a ciki.

An kira taro ranar Juma'a a kan makomar ƙungiyar. Jiya na ga kwalaye babu komai a ciki an jingine a garejin 'yata. Ban tambaye ta ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka taurin kai, ya yafe mini kajin. Ya haskaka makwancinka, ya sa alherin da ka yi wa garin nan ya tarbe ka. Eulalia, da 'ya'yanku Ruthann da Dale, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu kuma da muka rage, Allah ya kai mu Juma'a, ya sassauta abin da za mu ji.