Na Kai wa Baba Tsoho Littafin da Ba Shi da Takarda

TALATA: ƘAURA ZUWA ZURMI

Ƙarfe shida saura kwata na asuba, gari bai gama wayewa ba, maigidana ya sauke ni a tashar Ƙaura Namoda. Na san sarai babu direban da zai hau hanya kafin rana ta fito, halin da ake ciki ya koya wa kowa haka. Kujerar bakin taga nake wa sammako, don sanyi ya wuce, bazara ta fara leƙowa, kuma an ce mini itatuwan hanya sun yi fure.

Ga abin da ya fitar da ni. Kakana na wajen uwa, wanda muke kira Baba Tsoho, yana Badarawa. Tsohon malamin gona ne, a cinyarsa na fara haɗa baƙi. Shekara biyu ke nan idonsa ya ƙi ƙananan rubutu, tabarau uku aka canza masa a banza. Mutumin da ba ya rabuwa da littafi ya koma zaman ƙofar gida, har maganarsa ta ragu. Sai yayana Bashiru, da ke aiki a Zurmi, ya sayo na'urar karatu, irin wadda ake ƙara wa rubutunta girma, ya ce in zo in karɓa in kai. Ni kam 'yar takarda ce, in ban ji ƙamshin littafi ba ban yi karatu ba. Amma in dai abin zai sa tsohon nan ya sake karatu da idonsa, ko a ka zan ɗauka.

Bakwai da minti goma muka tashi, mu tara a ƙaramar mota. Kafin Dauran na fara ganin ɗorawa a cikin gonaki, furenta ja wur yana reto kamar tuntun hula. Ban san lokacin da na ce, "Kai, masha Allahu!" ba. Direba ya dube ni ta madubi.

"Malama, baƙuwa ce ke?"

"Haihuwar nan ce ni."

"To mi kika gani haka? Ɗorawa dai ce."

Na ce, "Kai titi kake kallo, ni kuwa na biya kuɗin taga." Mota duk aka yi dariya.

Shinge uku muka wuce, muka shiga Zurmi takwas da rabi, tafiyar kilomita arba'in ko kusa. Anti Hauwa, matar Yaya, ta tarbe ni da kunun tsamiya da ƙosai. Da Yaya ya dawo aiki ya miƙo mini abin. Wai wannan! Ko tafin hannuna biyu bai kai ba, kuma ya ce akwai littafi talatin a ciki.

Na ce, "Yaya, ji tsoron Allah."

Ya ce, "Ke dai baƙauya ce. Taɓa nan." Na taɓa gefen dama, shafi ya juya. Ya nuna mini inda ake ƙara girman rubutu, ya haɗa mini da ɗan faifan sola na caji. Kafin la'asar na cinye babi huɗu a gindin mangwaron gidansu, sauran furensa na zubo mini a mayafi. Ban gaya masa na ji daɗi ba, don kada kansa ya kumbura.

LARABA: ZURMI ZUWA BADARAWA

Bakwai da rabi na bar Zurmi, na dawo Ƙaura, na shiga motar Shinkafi da ta tashi goma da kwata. A wani shinge bayan Moriki wani soja ya hango na'urar a hannuna.

"Hajiya, wannan waya ce?"

"Littafi ne, ranka ya daɗe."

Ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya karanta layi guda, ya miƙo mini yana murmushi. Sha biyu saura na sauka a bakin hanyar Badarawa, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni gidan Baba Tsoho.

Baba Tsoho na kan tabarma a zaure. Da jin sallamata ya ce, "Wa nike ji kamar mummunar nan ta Ƙaura?"

"Ni ce, tsoho mai ran ƙarfe. Na zo in ga ko ka bar mana gadon."

Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifiyata da ke kula da shi, ta kawo fura da nono. Bayan azahar na fito da saƙon, na ƙara rubutun har kalma biyar ta cika layi, na ɗora masa a hannu. Ya kai kusa da fuska, sai na ga leɓensa na motsi. Na matso kusa da shi. Ya ce, "Ke, ina gani! Wallahi ina gani!" Na nuna masa inda zai taɓa in ya gama shafi, na ruga cikin gida in yi wa Gwaggo albishir.

Ban yi minti goma ba na dawo na tarar ya kife na'urar a gefen tabarma.

"Ɗauki kayanki," in ji shi. "Abin ga ba ya so na. In na taɓa, ko ya ƙi motsi, ko ya tsallake ni ya kai wani wuri da ban sani ba. Ku bar ni da tsuhwana."

Na gwada a gabansa, lafiya lau. Na roƙe shi ya sake, ya ce shi ba yaro ba ne da za a tsaya a kansa ana kallo. Na san halinsa, in ya ce a'a ya gama. Raina ya ɓaci ƙwarai, ko tuwon da Gwaggo ta yi da miyar kuka ban ci na kirki ba.

ALHAMIS: GINDIN ƊORAWA, SHINKAFI, GIDA

Da hantsi na ce masa, tun da ya kore ni da kayana, ya raka ni in ga ɗorawar bayan gida kafin in tafi. Nan ya saki fuska, don itace abin hirarsa ne. Muka tarar ta yi ja har ƙasa, zuma na ta kuka a kanta, dogonyaron kusa da ita ma ya fara ƙamshi. Na tsinci fure guda na tsotsa kamar yadda muke yi muna yara, ya ce har yanzu ban yi hankali ba. Na shimfiɗa tabarma, na ajiye na'urar kusa da shi a kunne, na yi kamar furanni nake tsinta, ina satar kallonsa.

Ya daure na ɗan lokaci, sannan ya ɗauka. Ya karanta shafin har ƙasa. Sai ya kai ɗan yatsa baki, ya lasa, ya dangwala a kan gilashin yana neman ɗago kusurwa.

Na kwashe da dariya har na zauna a ƙasa. "Baba! Yawu kake sa mata!"

"To da mi aka buɗa littahi?"

Shekara saba'in yana lasar yatsa kafin ya juya shafi, bai ma san yana yi ba. Na goge gilashin da gefen mayafina, na goge masa yatsa da hannun rigarsa, na ce ya taɓa a bushe, sau ɗaya. Ya taɓa, shafi ya juya. Ya karanta, yatsan ya nufi baki, na riƙe hannun. A na uku shi da kansa ya tsayar da shi a hanya, ya harare shi, ya ce, "Koma, maras kunya." Daga nan ya ɗaga murya yana karantawa a fili, da irin muryar da ya koya mini karatu da ita. Hawaye suka zubo mini, ban ko share ba.

Sha ɗaya ta yi, na ce zan tafi. Tun ina ƙarama ban taɓa barin Badarawa bai raka ni bakin hanya ba, ko da ciwon ƙafa. Ran nan ko kansa bai ɗago ba.

"To, ki gaida mutanen Ƙaura. Matsa, kin tare min haske."

Ban taɓa jin daɗin kora irin wannan ba.

Ranar kasuwar Shinkafi ce, motoci a cike suke wucewa, sai da na hau kabu-kabu zuwa cikin Shinkafi na sami kujera. Na sayi albasa da busasshen kifi, muka tashi ɗaya da rabi, na yi la'asar a ɗakina. Ina sallamewa Gwaggo ta kira tana faɗa, wai na jawo mata aiki, sau biyu tana ɗumama masa abinci yana cewa bari ya kai ƙarshen babi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Yaya Bashiru da Anti Hauwa, da direbobin da suka yi haƙuri da surutuna. Gwaggo kuma Allah ya ƙara haƙuri, don saura littafi ashirin da tara.