Fiton Kawu Bukar

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Bukar, wan mahaifiyarmu, Allah ya jiƙansa. A kasuwar dabbobi ta Diffa an san shi da hali ɗaya: ba ya sayen bijimin sa sai ya ga fitsarinsa. Yakan tsaya gefen dabbar yana fito a hankali, dillalai na tsokanarsa.

"Bukar, sa ka zo saya ko buta?"

"Ku bar ni," in ji shi. "Bakin mafitsara a kai yake. In kan da lafiya, za ta buɗe."

Da na yi karatun kiwon dabbobi a jami'a, na tarar da abin da ya yi kama da maganarsa, ko da yake ba zan ce daidai suke ba. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, serotonin, da saƙonsa ke bi ta laka har mafitsara. A wasu dabbobin da aka gwada yana sa ta riƙe fitsari, a wasu abin ya bambanta. A kan shanu ban san an tabbatar ba. Fiton kuwa, ina jin hankalin dabbar kawai yake kwantarwa.

Maraƙin da Kawu ya bar mana shi ke jan amalanken tattasai yanzu daga bakin kogin Komadugu, a hannun ƙanena Modu. Bana na ga san ya tsaya yana yunƙuri, ba abin da ke fita sai ɗigo. Na zaci tsakuwar mafitsara ce. Modu ya yi dariya, ya ce ƙwayar tiramol yake jiƙa masa don ya ƙara sawu.

"Kowa na yi, Yaya. Kai da bokonka, komai tsoro."

Ƙwayar nan tana taɓa serotonin, kuma an san tana iya riƙe wa mutum fitsari, ko ta wannan hanya ko ta wata. Na tambaye shi ina sauran ƙwayoyin. Ya juya yana kallon kogi.

Tun ranar nake lura da yadda Modu yake ɗaukar buta ya daɗe a bayan gida, ya fito da gumi a goshi. Wataƙila zargi ne kawai. Amma na kasa tambayarsa. Da Kawu na nan, me zai ce da zamanin da sa da mai shi ke shan abu ɗaya? Ina jin ba zai yi faɗa ba. Tsayawa zai yi ya jira.

Abin da na iya ɗauka daga gare shi ke nan. Na hana a ƙara ba san ƙwayar, kullum da safe ina tsayawa gefensa ina fito. Ranar Juma'a ya saki fitsari sosai har ƙasa ta yi kumfa. Modu na bayana da buta a hannu.

"Yaya," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "in mutum ne fa, fiton na yi?"

Na ce asibiti za mu, ni da shi. Bai ce to ba, amma bai tafi ba.