Ranar da Goggo Hansai Ta Zama Lodi

Ranar Asabar ɗin da zan rubuta jarrabawar shiga sakandare, a daminar da nake aji shida, aka wayi gari da ruwa da ƙanƙara a ƙauyenmu da ke bayan Diggi. Ina cikin sharar tsakar gida na ji kwanon ɗakin Inna na ƙara kamar ana zuba masa tsakuwa. Awaki suka tsinke igiya, kaji suka shige ƙarƙashin rumbu, ƙannena kuwa suka fito da kwanukan sha suna tsintar ƙanƙara suna tsotsa. Ni ko kallo ba su ishe ni ba. Tun jiya na fere fensirina biyu, kuma malaminmu ya ce ƙarfe tara za a rufe ƙofa a Kalgo, wanda ya makara sai baɗi.

Baba direban akori-kura ne, yana kai buhunan shinkafa kasuwanni har Gwandu. Mutum ne da ko gobara aka ce ta tashi sai ya nemi hularsa tukuna. Ruwa na ɗaukewa ya zagaya motar, ya tsuguna yana rage iskar tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsaye ina buga ƙafa. Goggo Hansai, yayarsa, tuni ta hakimce a gaba cikin sabuwar atamfa, za ta barkar haihuwa. Goggo ba ƙaramar mace ba ce. In ta zauna a tabarma, sai dai a ba ka labarin tabarmar.

Hanyarmu ta fadama take bi, baƙar laka ce, ga ƙanƙarar da ba ta gama narkewa ba a kwance a kai. Santsi kamar an kwarara miyar kuɓewa. Ranar kuma babu ko buhu ɗaya a baya, sai motar ta fara murguɗa ƙugu. Na kwarma ihu a taka birki. Baba bai ko dube ni ba, ya ce, "A santsi ba a birki, ba a totur, lallashi akai." Duk da lallashin, sai da motar ta zame a hankali ta tsaya tana kallon gonar wani. Tayoyin baya suka dinga juyawa a wuri ɗaya suna feshin laka. Na ce to mu sauka mana a rage mata nauyi. Baba ya ce ai nauyin ne ba ta da shi, sai an danne bayan kafin taya ta kama ƙasa. Ya duba gabas, ya duba yamma, babu dutse, babu buhu. Sai ya dubi Goggo.

"Yaya, don Allah ki koma baya, ki zauna daidai bisa taya."

"Mamman, ni ka mayar buhu? Ni da na goye ka?"

Baba ya shiga sosa ƙeya yana neman kalma mai taushi. Ni ba ni da lokacin taushi. Na ce, "Goggo, buhu ukku ma kin yi, don Allah tashi, lokaci na tahiya!" Ranƙwashin da na sha har yau ina iya nuna wurin. Amma da ta ga fensirorin nan biyu a hannuna, sai ta yi tsaki, ta tuɓe takalmi, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta sauka cikin laka. Da ƙyar muka tura ta sama. Na ce in hau in taya ta, ta ce nauyina bai kai na zakara ba, in koma ciki.

Baba ya sa giya ta biyu, ya ɗan shafi totur, sai ga mota ta miƙe. Muka dinga rarrafe. In bayan ya zame hagu, sai ya bi shi da sitiyari hagu kaɗan, ya leƙa ta taga ya ce, "Yaya, matsa dama!" Goggo na matsawa tana salati, tana haɗawa da zagin Baba da motarsa da wanda ya sayar masa. Manoma suka ajiye fartanya suna kallo. Mun isa Kalgo mai gadi na jan ƙofa, na kutsa ta ƙarƙashin hannunsa. Goggo kuwa haka ta je barka, laka tun daga ɗankwali har diddige. Da sakamako ya fito na ci, ta bi gida-gida tana cewa da nauyinta aka kai ni sakandare, kuma babu wanda ya isa ya musa.

Yanzu an cike hanyar da jar ƙasa, Baba ya ajiye tuƙi saboda ido, direbobin yau kuwa ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya gudu suke. Da ƙaramar Sallah na je gida na tarar da Goggo a kwance, ta ce in fitar da ita ta sha hantsi. Na sunkuya, na shirya ƙarfina duka, sai na ji na ɗaga ta cak kamar ƙullin wanki. Ban so sauƙin ɗaukar nan ba.