Madu Lamba Bakwai da Ƙafar Roba

Duk wanda ya tashi a unguwar Fezzan ta Maiduguri ya san Madu Gana, ko da bai san sunansa na yanka ba, domin tun yana ƙarami aka laƙaba masa Lamba Bakwai, sunan kuma ya bi shi har shagon turare. Lamba bakwai a wurin 'yan ƙwallo shi ne mai bin gefen dama, wanda aikinsa ya ɗauki ƙwallo ya tsere da ita a bakin layi, ya yanke wanda ya tare shi, ya aika ta gaban raga. Madu bai taɓa yarda an sa shi a wani wuri ba. Ko a masallaci, in ka duba da kyau, a ƙarshen sahu ta dama za ka same shi.

Mahaifinsu, Ba Gana, mai sayar da turaren wuta ne, kuma a ganinsa ƙwallo aikin marasa aikin yi ce. Hanyar da yake gane ko ɗansa ya je fili ita ce ya duba takalmin makaranta. In ya ga bakinsa ya goge, to bulala ta tashi. Shi ya sa Madu yake buga tasa ba takalmi, yayansa Babagana kuma, wanda ya girme shi da shekara shida, ya tsaya a bakin layi da takalman a hammata yana ta ihu, "Bi gefe! Bi gefe!" In sun koma gida Babagana ne ke rantsuwa cewa daga Islamiyya suke. Shi ko taɓa ƙwallo bai iya ba, amma ya sha duka a kanta fiye da mai bugawar.

Madu na da shekara goma sha bakwai wata ƙungiya ta cikin gari, Taurarin Ngadda, ta ɗauke shi. Daga nan sai Jos, inda sanyi ya kusa koro shi gida. Ya tsallaka Njamena ya yi kaka biyu, ya wuce Omdurman ya yi uku, Larabcin Shuwa da ya tsinta a kasuwa ya yi masa rana. Ana cikin wannan yawo aka kira shi sansanin matasan ƙasa, ya sa koriyar riga a wani wasan sada zumunci. Saura minti goma sha tara a tashi aka sako shi daga benci. Bai ci ba, bai bayar an ci ba, amma ya yanke ɗan bayan abokan karawarsu har sau biyu, na biyun sai da mutumin ya zauna daɓas. Babagana ya kalli wasan a gidan kallo, ya fito murya a dishe, ya kwana uku yana ciniki da hannu.

A shekarun fitina Madu ya zo gida hutu. Wata Laraba ya je tasha tarbar gwaggonsu da ta gudo daga Konduga, bam ya tashi. Waɗanda kwanansu ya ƙare suka tafi. Shi ya farka a asibiti ya tarar ƙafarsa ta dama ta ƙare a ƙasan gwiwa. Ita ce ƙafar da Njamena da Omdurman suka yi rububi a kanta. Ta hagun kuwa, kamar yadda shi da kansa yake faɗa a da, ta hawa mota ce kawai.

Babagana, wanda a lokacin ya gaji shagon mahaifinsu, bai zauna ba sai da ya kai ƙanen nasa Kano aka yi masa ƙafar roba mai kyau. Ya ɗinka masa dogayen kaftani da wanduna masu faɗi, ya ajiye masa kujera a shago. Burinsa ɗaya ne, kada wani ya kalli Madu ya ga gurgu. Ya kuwa yi nasara, don baƙo zai sayi humra da turaren wuta a hannunsa ya tafi bai lura da komai ba sai ɗan ɗingishi. A faɗi gaskiya, ƙauna ce ta sa shi. Amma da wannan ƙaunar aka zaunar da mutum a kujera shekara takwas.

Abin da ya fi ƙona wa Madu rai shi ne tausayi. Tsofaffin 'yan kallo za su shigo shago, su yi masa wushe-wushe, wato sannu-sannu, su girgiza kai, su ce, "Allah sarki, Lamba Bakwai! Ai da an yi ɗan ƙwallo." Suna yabonsa a gabansa kamar yadda ake yabon mamaci a zaman makoki, shi kuma yana auna musu turare yana haɗiye abin da ya taso masa.

Wata ranar Litinin wani dogon mutum ya shigo, hannun rigarsa na hagu a naɗe an soke shi da fil. Ya ce sunansa Yoila Pindar, malamin firamare ne, mutumin kudancin Borno, kuma hannun nasa ya tafi ne a shekarar da ƙafar Madu ta tafi.

"Ba turare na zo saya ba, Lamba Bakwai," in ji shi. "Muna da ƙungiya a unguwar Galtimari, ta irinmu. Ni ne gola. Muna da 'yan baya, muna da lamba tara, ba mu da mai kawo masa ƙwallo."

Madu ya ɗaure fuska. "Malam, ka ga ɗan ƙwallo a shagon nan?"

"Na ga wani yana juya murfin kwalba da ƙafar hagu a ƙarƙashin tebur tun da na shigo."

Madu ya duba ƙasa, ya ga haka ne, kunya ta kama shi. Yoila ya ja kujera ya zauna ba a ce masa bismilla ba, ya bayyana masa dokar wasan. 'Yan cikin fili ƙafa ɗaya da sanduna biyu, gola hannu ɗaya. In sanda ta taɓa ƙwallo da gangan, kamar ka taɓa da hannu ne. Ƙafar roba kuwa ba ta shiga fili, a bakin layi ake cire ta.

Wata bakwai Madu ya yi yana hawa keke-napep bayan sallar asuba zuwa Galtimari, ya dawo kafin a buɗe shago. Ya faɗi har ya daina ƙirgawa. Tafin hannunsa ya yi kanta, kafaɗunsa suka zama kamar ba nasa ba. Ƙafar hagun nan da ya raina tun yana yaro ta rama, sai da ya yi ta lallashinta kafin ta yarda ta fara kai ƙwallo inda ya aike ta. Yoila ya ce tun da hagu ce ta rage masa, ya koma gefen hagu, ya fi sauƙi. Madu ya ce ƙafa aka cire masa, ba lamba ba. Matarsa Bintu kaɗai ta san abin da ake ciki, don ita ke dafa ruwan gashi ta shafa masa man kaɗanya, kuma ba ta faɗa wa ko mahaifiyarta ba.

Asiri ya tonu ne da aka yi sanarwa a rediyo cewa ran Asabar bayan la'asar za a kara da wata ƙungiya baƙuwa a filin Galtimari, kuma kocin ƙungiyar ƙasa ta masu ƙafa ɗaya zai zo ya zaɓi waɗanda za a kira sansani. Aka karanto sunaye, har da Madu Gana. Babagana a majalisa ya ji, wani mai bakin tsiya kuma ya ƙara masa da cewa, "Kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa." Aka yi dariya.

Washegari Babagana ya jira shago ya yi shiru, sannan ya ce, "Madu, gaskiya ne abin da nake ji?"

"Gaskiya ne, Ya Babagana."

"Shekara takwas ina rufa maka asiri. Yanzu za ka je ka tsaya a gaban Maiduguri da dungu a waje, kana tsalle da sanduna, ana ɗaukarka a waya, wani ya jefa maka sadaka ya ce ka yi masa addu'a? Ɗan Ba Gana?"

"Ba sata na yi ba da za a rufa mini asiri. Ƙafa na rasa."

"Ai na sa maka wata!"

"Ka sa mini ta zuwa shago, Allah ya saka. Amma ba ta zuwa inda nake son zuwa. Minti goma sha tara na yi wa ƙasar nan, Yaya, kuma ba su ishe ni ba."

Babagana ya miƙe. "To ka ji. In ka cire ƙafar nan a gaban jama'a, ka nemi wani yayan."

Maganar ta soki Madu, domin duk duniya ba shi da kamar mutumin nan. Ya koma gida ya kasa cin abinci. Bintu ba ta ce masa je ka ba, ba ta ce fasa ba. Ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da takalman ƙwallonsa na Omdurman, ta ajiye masa na hagu a gaba, ta mayar da na dama cikin akwati ta rufe.

"Baban Siddiƙa," ta ce, "ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ran Asabar fili ya cika fiye da yadda aka zata. Wasu sun zo kallon ƙwallo, wasu kuma, mu faɗa tsakani da Allah, sun zo kallon guragu ne. Madu na zaune a benci da jesi mai lamba bakwai, yana naɗe ƙafar wandonsa, sai ya ji ƙamshin turaren shagonsu a kansa. Ya ɗaga kai. Babagana ne, cikin babbar riga da hula zanna, fuska ba annuri.

"Tashi mu tafi gida," in ji shi a hankali, don kada na kusa su ji.

Madu ya sunkuya. Ya kwance maɗaurin, ya zare ƙafar. Hayaniyar wurin ta ɗauke, mutane suka ga abin da aka shekara takwas ana ɓoye musu, dungu ne kawai mai tabon ɗinki. Ya dafa sandunansa ya miƙe tsaye. Ya ɗauki ƙafar, da takalmin zuwa kasuwa a jikinta, ya miƙa wa yayansa.

"Riƙe mini takalmina, Yaya. Yanzu zan dawo."

Hannun Babagana ya riga tunaninsa, ya karɓa. Kafin ya gane abin da ya yi, alƙalin wasa ya hura usur, Madu ya shige fili. To ga attajirin turare tsaye da ƙafar mutum a hannu. In ya ce ya yar da ita a ƙasa, zuciyarsa ba za ta bari ba. In kuma ya tafi da ita, ya ratsa Galtimari da ƙafa a rungume, wannan ya fi komai abin magana. Sai ya tura ta hammata ya tsaya, yana kallon sama kamar mai jiran hadari.

Farkon wasan bai yi wa Madu kyau ba. Baƙin sun sa masa wani ƙato mai suna Ishmael, tsohon soja, wanda ke tafiya da sanduna kamar da su aka haife shi. Karon farko ya ƙwace ƙwallon. Na biyu ya haɗa da Madun, Madu ya zube rub da ciki, sanda ɗaya ta yi can. Daga cikin 'yan kallo wani ya ce, "Allah sarki!" Madu ya ji shi sarai. Alƙalin wasa ya miƙo hannu zai ɗaga shi, ya ƙi karɓa. Ya ja jiki ya ɗauko sandarsa, ya miƙe da kansa, ya juya wajen da muryar ta fito ya tofar da ƙasar da ta shiga bakinsa.

Ana dab da hutun rabin lokaci Yoila ya kama ƙwallo da hannunsa ɗaya, ya wurgo ta gefen dama. Madu ya tare ta. Ishmael ya taso, ya buɗe masa hanyar tsakiya da gangan, don ya san mai ƙafar hagu can zai so bi, kuma can mutum biyu ke jiransa. Madu har ya karkata kafaɗa zai shiga. Sai wata murya ta tsaga filin, muryar da ya sani tun yana buga ƙwallo ba takalmi.

"Bi gefe! Kai, bi gefe!"

Bai waiwaya ba. Ya tura ƙwallon ta bakin layi, ya kafa sandunan, ya yi lilo ya wuce, Ishmael ya juya bai gama juyawa ba ya zauna daɓas. Madu ya kai kusurwa, ya rataya a kan sandunansa, ya ɗebo ta da bayan ƙafa ya aika gaban raga. Lamba tara ya kai mata kai. Ta daki turke ta fita.

Filin ya ɗauki ihu, amma ihun mutum ɗaya ya fi na kowa. Babagana ya tako har kan layi, hula ta karkace, yana nuna lamba tara da ƙafar roba yana cewa, "Wannan ma sai ka zubar? A baki aka sa maka! Ko tsohuwa ai ta ci wannan!" Kocin da ya zo zaɓe ya rubuta wani abu a takardarsa, Madu kuwa ko kallonsa bai yi ba.

Aka hura usur ɗin hutu. Madu ya nufo bakin layi, gumi na zuba, ƙasa har gira. 'Yan'uwan biyu suka tsaya suna kallon juna, ba wanda ya ambaci maganar shago. Madu ya ga yadda mutane ke nuna yayansa suna murmushi, sai tausayinsa ya kama shi, ya miƙa hannu.

"Kawo, Yaya, in sa ta a ƙarƙashin benci. Jama'a na kallonka."

Babagana ya ƙara matse ƙafar a hammata, muryarsa ta riga ta dishe.

"Su kalla," ya ce. "Sha ruwa ka koma. Ina za ka da ita, ba a tashi ba?"