Motar da Baba Isaka Ya Koya wa Tuƙi

Wannan abu a kan idona ya faru, a Doha, shekarun baya kaɗan, lokacin ina aiki da wani kamfani da ke gwajin tasi marar direba. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, nawa ma ba zan faɗa ba, amma na rantse da Allah ban ƙara komai a kan abin da na gani ba. Na yi aikin labarai a rediyo kafin in bar gida, kuma ɗabi'ar da aikin ya bar mini ita ce, abin da ban gani ba kuma ban ji ba, ba na faɗarsa.

Aikina a ɗakin sa ido yake, wani dogon ɗaki mai sanyi a unguwar Al-Sadd, bango cike da allunan kwamfuta. Kowace mota tana da kyamarori ciki da waje, in fasinja ya danna maɓallin neman taimako, muryata ce za ta amsa masa daga cikin motar. Yawanci ba wani abu ba ne, wani ya manta jaka, wata ta tsorata da ganin sitiyari yana juya kansa.

Lissafin kasuwancin kuwa ba a ɓoye yake ba, a kowane taro sai an maimaita mana shi. Motar tana da tsada, na'urorin da ke kanta sun fi ta tsada, don haka riba ba za ta fito ba sai an cire mutumin da ke zaune a gaba. Direba yana son albashi da ɗaki da biza da tikitin zuwa gida, yana tsayawa sallah, yana rashin lafiya, ran Juma'a yana son hutu. Mota ba ta son ko ɗaya. Sai dai kafin a cire shi dole motar ta koyi tuƙi, kuma ba wanda zai koya mata sai shi ɗin. Saboda haka aka ɗebo tsofaffin direbobin tasi, aka ba su motocin su yi ta yawo da su safe da yamma, na'ura tana naɗar kowane motsin hannunsu da kowane taka birkinsu.

Cikinsu akwai Baba Isaka, mutumin zangon Kumasi, dattijo mai furfura a gemu wanda ya fara tuƙa tasi a Doha tun kafin a shimfiɗa rabin titunan da muke gwaji a kai. Hausa ce ta haɗa mu. In ya dawo da mota sai mu tsaya bakin wani shago mu sha shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, yana tsokanata da Hausarsu ta Gana wadda ba ta raba mace da namiji.

"Ɗan Najeriya, kai ka zauna cikin sanyi kana magana da mota kamar mai aljanu, kuma su biya ka."

"Baba, kai kuma kana koya wa wadda za ta karɓe maka kujera."

"Wannan mota? Bai san in mai jif ya haska maka fitila daga baya kaucewa ake yi ba. Jiya da ban kama shi ba da an murƙushe mu."

"Za ta koya, Baba."

"To ya koya mana. Ku ma shekara nawa muna koya muku dafa shinkafa, kun iya?"

Ta koya ɗin. Ranar da aka ba kamfanin izinin sakin motoci ba kowa a gaba a wasu unguwanni, aka kawo kek aka yanka, aka tafa. Ba a daɗe ba aka tara direbobin aka yi musu godiya, aka ce kowa ya nemi wani kafil, wato wanda zai ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, in bai samu ba ya koma gida. Baba Isaka ya roƙe ni in yi masa magana da manajanmu ko wankin motoci ne a ba shi. Na yi. Manajan bai ko ɗago kai daga wayarsa ba, ya ce shekarunsa sun ja, inshorarsa za ta yi tsada, khalas, wato magana ta ƙare. Mutumin da hannunsa ke cikin kowace motar da ke ajiye a harabar nan, an ce bai cancanci ya goge musu gilashi ba.

Daga nan Baba ya shiga yawon neman aikin direban gida, a tsakiyar bazara. Wanda bai san Doha ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Zafi ne da in ka taɓa ƙarfen ƙofa da rana sai ka ja hannu, tituna su zama wayam, ko kyanwa ba ka gani.

Ranar da abin ya faru, muna da baƙi, masu zuba jari da aka kawo su ga yadda aiki ke tafiya, an ce kowa ya gyara zama. Bayan azahar ne. Sai na ga wata mota da ke ajiye a layin jira a Al-Sadd ta tashi, alhali ba wanda ya kira ta. Na duba, ba fasinja, ba umarni daga wurinmu. Na ɗauka caji za ta je, sai na ga ta wuce hanyar wurin cajin, ta miƙi hanyar Ain Khaled. Na buɗe kyamarar ciki, kujeru wayam, sitiyari yana juyawa a natse. Da ta iso wani shagon gyaran taya sai ta danna hon sau biyu, gajere gajere, abin da motocinmu ba sa yi sam. Ta ci gaba, ta kai iyakar unguwannin da aka yarje mata, inda ya kamata ta tsaya cak ko da wa ke ciki, ta tsallake ba ko rage gudu. Ta bi bayan wani masallaci, ta ratsa wani fili mai tsakuwa da babu shi a taswirarmu a matsayin hanya, ta shiga wani layin sababbin gidaje da ba a tare ba, ta tsaya jikin wata katanga. Ƙofar baya ta buɗe.

Sai maɓallin neman taimako ya yi ƙara a kunnena. Maɓallin nan da yatsa ake danna shi, a cikin motar yake, kuma ina kallon cikin motar ba kowa.

Na yi sallama, don ban san me zan ce ba. Ba amsa, sai hucin na'urar sanyaya mota da ta ƙure kanta. Na juya kyamarar gefe. Mutum ne kwance a ƙasa, rabin jikinsa cikin 'yar inuwar katanga, rabi a rana, hularsa a gefe, takalmi ɗaya ya fita. Gemun na fara ganewa.

Na miƙe na kira manajan. Ya zo da murmushin baƙi a fuskarsa, ya dubi allon, murmushin ya ɗauke. Tambayar da ya fara yi ita ce wa ya fitar da mota daga iyaka. Na ce ba kowa, kuma ga tsohon direbanmu zafi ya kayar da shi, a bar motar ta kai shi asibiti.

Ya rage murya ya ce, "Ba fasinjanmu ba ne. Bai yi kira ba, ba ya cikin inshora. In ya mutu a cikin motarmu a wajen iyaka, gobe an karɓe izini, ku duka ku tafi gida. Maido da ita, yalla, maza."

"Mutum ne yake mutuwa."

"Kira motar asibiti, aikinsu ne. Amma kada su zo su tarar da tamu a wurin."

Wallahi har yau ban manta yadda ya gyara tsayuwa don ya tare allon da bayansa kada baƙi su gani ba. Na kira motar asibiti da wayata, na karanta musu wurin daga allon, don layin ba shi da suna, kuma ba don motarmu na tsaye a wurin ba, da ba abin da zan iya kwatanta musu. Shi kuma ya sa injiniyan da ke kusa da ni ya tura wa motar umarnin dawowa. Allon ya nuna ta karɓa, amma ba ta motsa ba. Aka sake turawa, shiru. Manajan ya ce a kashe ta gaba ɗaya. Injiniyan ya kashe, allon ya rubuta a kashe take, amma kyamara tana nunawa, ƙofa a buɗe, ina jin hucin sanyi a kunnena. Injiniyan ya janye hannunsa daga madannai ya ɗora a cinya, bai ƙara taɓa komai ba.

Na kunna lasifikar waje na yi ta kiran sunansa. "Baba Isaka, ni ne ɗan Najeriya. Ga mota nan kusa da kai, ja jikinka ka sa kai a ciki." Na daɗe ina maimaitawa kafin hannunsa ya motsa. Ya ja ciki a kan tsakuwar nan mai zafi har ya ɗora kai da ƙirji a ƙasan motar, inda sanyin ke sauka. A haka ma'aikatan asibiti suka same shi. Suna ɗaga shi, ƙofar ta rufe, allona ya yi baƙi, motar ta mutu da gaske, sai da aka tura babbar mota ta ɗauko ta.

Ya rayu. Likitar da ta duba shi ta ce sanyin da ya samu kafin su iso ya taimaka ƙwarai. Da na je gaishe shi na tambaye shi yadda aka yi ya kira motar. Ya ce wayarsa ta mutu tun kafin ya faɗi, wani gida ya je da aka ce ana neman direba, suka leƙo ta ƙofa suka ce ya tsufa, yana komawa bakin titi ƙafafunsa suka ƙi.

"Ban kira kowa ba, ɗana. Da na kwanta na ga mutuwa ne, sai na ce bari in ɗebe wa kaina kewa. Na ce da ina da mota a Al-Sadd, ta ina zan biyo in ɗauki wannan tsoho? Sai na tuƙa a raina. Na gai da abokina mai gyaran taya, na yanke ta bayan masallaci, na bi tsakuwa don ya fi kusa. Da na iso na ga ba ni da hannun ɗaga shi, sai na danna maka maɓalli."

Ban gaya masa hanyar da motar ta bi ba. Ba wanda ya gaya masa, don an hana mu magana tun ranar.

Kamfanin ya kira abin tangarɗar na'ura. Aka goge ƙwaƙwalwar motar, aka sa mata irin ta sauran, wadda ita ma daga hannun direbobin nan aka gina ta. Ba wanda ya je asibitin daga ofis. Wa'adin da aka ba Baba na neman kafil ya cika yana kwance, da aka sallame shi 'yan zango suka haɗa masa kaya muka raka shi filin jirgi. Baƙin nan kuwa suka zuba jarinsu, motoci suka ƙaru, aka ƙara unguwanni har Nu'aija.

Bayan wasu watanni na kira Kumasi in gaishe shi lokacin hutun cin abinci. Matarsa, Mma Hawa, ta ɗauka, ta ce yana barci, kullum haka yake yanzu, da hantsi sai barci ya kwashe shi a kujera, hannuwansa a ɗage suna juyawa, ƙafarsa ta dama tana dannan ƙasa, in ya farka kuma a gajiye liƙis, ya rame, asibiti sun ce ba su ga komai ba. Muna cikin magana ya farka, ta miƙa masa. Ko gaisuwa bai gama amsawa ba ya ce, "Ɗan Najeriya, ku gaya musu su ɗauke tirelar nan da ya lalace a shataletalen Nu'aija, ya hana mu wucewa tun safe. Kuma matar nan da ya sauka yanzu ya bar laima a baya."

Na koma ɗakin sa ido ban gama abincin ba. Tirela tana nan a shataletalen, motocinmu suna kewaye ta. Ban zauna sosai ba maɓalli ya yi ƙara, wani fasinja yana cewa ya tsinci laimar mace a kujerar baya.

Ban san sunan wannan abu ba, kuma ba zan ƙirƙira masa suna ba. Abin da na sani shi ne, an kori mutum don a huta da albashinsa da ɗakinsa da sallarsa, kuma ga dukkan alamu bai daina zuwa aiki ba. Na bar kamfanin a ƙarshen watan. Har yanzu ina kiran Kumasi, amma da yamma, kuma na roƙi Mma Hawa in ta ga hannuwansa sun ɗaga ta tashe shi. Ta ce ta taɓa gwadawa, ya farka a firgice yana cewa akwai yara a motar, tun daga ranar ba ta ƙara ba.

Ku da ake zuwa a ce ku koya wa na'ura sana'arku, ku tambayi abin da zai same ku ranar da ta iya, kuma ku ji amsar kafin ku kama sitiyari. Ku kuma masu shiga motocin nan, ba zan ce kada ku shiga ba. Amma in kun buɗe ƙofa ku yi sallama, kuma kada ku ce a yi sauri. Ba ku san tun yaushe wanda ke gaba yake tuƙi bai huta ba.